Shanyar Inna Tabawa

Shekara tara ke nan da aka yi wa garin Funtuwa rufi gaba ɗaya saboda zafin rana, kowa ya daina shanya. Ladidi ta sayo wa mahaifiyarta, Inna Tabawa, na'urar busar da kuɓewa.

"Inna, ba kaza, ba akuya. Awa biyu ta bushe."

"To ni da wa zan yi faɗa?" in ji tsohuwar.

Da la'asar aka yi tsawa can saman rufin. Inna ta zabura, ko takalmi babu.

"Hadari! Ladidi, a kwashe shanya!"

Rabon Inna da gudu tun rasuwar mijinta, Malam. Ladidi ta zare farantan na'urar da zafinsu, suka ruga ɗaki suna dariya.

Ko ɗigo bai sauko ba.