Hasken da Ba Ya Ganuwa

Injiniya ya sunkuya yana saita gilashin da ke tattara hasken zaren fayiba, siririn zaren da haske ke bi ta cikinsa, don ya fita a miƙe, sai aka bangaje shi. Bakinsa ya bugi gefen tebur, haƙori ya fita. Wani tsoho ne ya ture shi, ma'aikacin ɗakin gwajin, mai ido ɗaya.

"Ni za ka ture, tsohon banza?" Ya rarumi sufana ya maka masa a fuska.

Tsohon ya durƙushe, ya dafe idonsa mai gani, jini yana bin yatsunsa.

Sai injiniya ya ji ƙauri. Takardar bango, daidai saitin inda idonsa yake ɗazu, tana hayaƙi.

"Ba a kashe hasken ba, yallaɓai, ido ne ba ya ganinsa," in ji tsohon. "Irinsa ne ya ci mini ɗaya idon."