Jan Fure, Shuɗiyar Riga

"Ɗauke furenka, Clive, na riga na yi wa wani alkawari!"

Muryar Glenys, abokiyar karatun Merle, ita ce ta ratso bangon katako zuwa falon baƙi, inda Merle ke jiran saurayinta. A wannan kwalejin mata ta Brisbane, budurwa ke gayyatar namiji rawar shekara, shi kuma ya kawo fure kalar rigarta. Merle ce ta gayyaci Clive. Shuɗiyar riga ta ce masa za ta sa.

Sai ga shi ya shigo yana gyara kwala, jan fure a hannu.

"Merle tawa, yau kam kin haɗu!"

Ta ƙura wa furen ido. Tun safe jar rigar Glenys ke rataye a baranda.

"Wace kala na ce maka?"

"Haba, fure ai fure ne. Ki bar wannan, maganar aure na kawo. A wurin rawa nake so mu sanar."

"Don wa ya ji?"

Idonsa ya kai bangon kafin ya dawo kanta.

Ta miƙe, ta buɗe ƙofa, ta ja gefe.

"Akwai wani falon a gaba, malam. Gwada can, ko Allah zai haɗa ka da mai jar riga."