Allon Makokin Mahaifiyata

Ranar da aka rataya allon makokin mahaifiyata a bangon cocin ƙauyenmu, ranar mahaifina ya dawo daga Landan, bayan shekara goma sha tara.

Duk waɗannan shekarun ita kaɗai take zama a bencin gidanmu na cikin cocin kowace Lahadi, kanta a sama. Ita ta riƙe gonaki, ita ta kai ni makaranta. In an tambayi mijinta, sai ta ce aiki ne ya riƙe shi.

Mahaifina ya shigo cocin da baƙar safar hannu yana karɓar gaisuwa, sannan ya ɗaga kai ya kalli allon. A jikin allon, ga tambarin gidansu a hagu, gefen miji, ga na gidan iyayenta a dama, gefen mata. Kowa ya san ƙa'ida: gefen mamaci ake yi wa baƙi, gefen mai rai a bar shi fari.

"Wane jaki ne ya yi wannan fentin?"

Tsohon da ya yi fentin, wanda ke tsaye a gefe, ya cire hula. "Ranka ya daɗe, sai da na faɗa wa 'yarka."

"Ni na sa shi, Baba," na ce.

Allon baƙi ne wuluk daga gefe zuwa gefe, irin na matar da mijinta ya riga ta mutuwa.

"Ke! Ba kya ganina a tsaye?"

"Ina ganinka. Amma allon nata ne, kuma abin da ta rayu a kai na sa aka zana."