Man Kaɗe a Bakin Ƙofa

Ƙurajen sun fito wa Marka ne bayan sheƙar dawa, daga wuya zuwa kafaɗa, ƙanana masu ɗan banzan ƙaiƙayi. Kowace mace ta san irinsu da kaka. Ita dai ta sosa nata har wurin ya yi fari-fari, tsautsayi kuma ya sa mayafinta ya zame a bakin rijiya.

Shi ke nan fa. Kafin rana ta take magana ta zaga ƙauyen, kuma ba wanda ya ce ƙaiƙayin dawa ne. Masu sayen daddawarta suka ɗauke ƙafa. Wadda ta saba aron turminta ta koma daka a wani gida.

Mai unguwa ya zo ya tsaya daga bayan darni, ko shigowa bai yi ba.

"Marka, in watan nan ya mutu abin bai baje ba, sai dai ki haye rafi. Ki yi haƙuri."

Ta san abin da hayin rafi yake nufi. Can aka kai Ladidi shekarun baya da kuturta ta kama ta, kuma Marka ce da hannunta ta fizge mata guga a rijiya ranar. Yau ga shi ita ake nuna wa hanyar. Tsoro ya kama ta sosai.

Mijinta Labo ya daɗe da rasuwa. Ɗanta guda, Sulemanu, yana aiki a kamfanin gurzar auduga a Funtuwa. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Sai ta tsaya nesa da titin Dayi ta ɗaga murya, ta ce da direban motar auduga ya gaya wa yaron nan jikinta ba daɗi. Direban ya ɗaga hannu ya wuce.

Ba a daɗe ba, wata safiya ta buɗe ƙofa ta ci karo da kaya a ƙasa: reshen darbejiya guda, da curin man kaɗe a cikin ganye. Ba a ƙulle ganyen ba, naɗe shi kawai aka yi aka danne da dutse.

Marka ta yi dariya ita kaɗai. Yaron nan tun yana ƙarami bai iya ƙulli ba, ko akuya ya ɗaure sai ta kwance. Ta juya curin a hannu. Sumul yake, babu shatin yatsa ko ɗaya, ba kamar na matan ƙauye ba da kowane curi ke ɗauke da sawun yatsun mai shi. Ta ce lallai wannan aikin inji ne, man birni. Direban ne ke ajiyewa da sassafe ya gudu, matsoracin banza.

Ta tafasa ganyen darbejiyar, ta bari ruwan ya huce, ta wanke wurin a hankali. Ta yanke faratanta don kada ta sosa. Zanin da ta yi sheƙa da shi ta wanke ta shanya a rana. Safe da yamma tana shafa man, tana yi wa ɗanta hira kamar yana zaune a gabanta, don ba wani mahaluki da ke amsa mata gaisuwa. Kaɗaici ya fi ƙurajen cin ta.

Duk sanda man ya kusa ƙarewa, sai ta tarar da wani. Reshen kullum a tattaune yake daga gindi, kamar da haƙori aka ciro shi. Ta ce gaggawa ce ta mutanen mota.

Kafin watan ya mutu fata ta koma lumui. Mai unguwa ya shigo har tsakar gida ya duba, ya yi ta sosa ƙeya. Mai aron turmi ta dawo da fara'arta, wai ita dama ta san ba komai ba ne. Oho dai. Ita Marka ɗanta take jira.

Ya zo da Kirsimeti, da sabon keke da rediyo. Ta zuba masa tuwo, ta kawar da kai don kunya, ta ce, "Allah ya yi albarka. Man nan da aka yi ta aikowa, shi ya tsare ni a gidana."

Sulemanu ya tsaya da loma a hannu.

"Wane mai, Inna? Ni ban ma ji ba ki da lafiya ba."

Marka ta juya ta dubi inda take ajiye man. Da la'asar ta ɗauki ragowar curin ta gangara rafi, ita ma ba ta san me take nema ba. A hayi akwai itatuwan kaɗanya, da darbejiya guda wadda rassanta na ƙasa duk an ɓalle su.

A gindinta Ladidi ce zaune, tana mulmula man kaɗe tsakanin tafukan hannunta marasa yatsu.