Sawuna a Kan Toka

Ina shekara bakwai Inna ta kai ni asibiti a Gwarzo, saboda ɓarin jikina na dama da ya shanye. Wani ma'aikacin asibitin ya barbaɗa toka a ƙasa, ya ce in taka zuwa bango, zai auna tafiyata. Na taka. Da na waiga, ƙafar hagu ta bar sawu sarai, ta dama kuwa dogon layi kawai ta ja.

Yana juyawa ɗauko tef ɗin awo, Inna ta sa mayafi ta shafe komai.

Ya ce, "Haba Inna!"

Ta ce, "Malam, ba a barin sawun yaro a fili. In mugu ya ɗeba, lafiyayyar ma ta tafi."

Har yau in na taka yashi, sai na duba wa ke bayana.