Ƙusar Injin Niƙa

"Baba, wa ya sa wannan ƙusar a injin?" in ji sabon makanike. "Ƙusa mai tsaga sai ta ɗara raminta kauri, a buga, ta kama. Wannan siririya ce."

Ɗana na fari ya sa ta, Allah ya jiƙansa. Makanike ne a Dungas. Don kunyar ɗan fari, ba na kiran sunansa, ba na aika masa sai injin niƙana ya tsaya. Kullum ƙusar sai ta zame, ya zo ya gyara, in ce aikinsa banza ne.

Matarsa Sa'ida, mai takaba a gidana, ta amsa daga bayan danga.

"Da gangan yake yi, Baba. Ya ce in ƙusar ta zauna daram, ba za ku ƙara nemansa ba."

Na ce a mayar da siririyar ƙusar.