Danshi a Hanyar Iferwan

Da jin rurin mota a bayansa, sai ya kauce daga hanyar Iferwan, ya ja kekensa bayan duwatsu ya kwanta. Tun da aka sake su a gasar tseren keke daga Agadas yake taka keke cikin busassun ƙoramu, yana ratsa mushen raƙuman da fari ya kashe. Salkar ruwansa ta ƙafe tun jiya.

Motar soja ce. Ta tsaya daidai inda sawun tayarsa ya ɓace, wani soja ya diro.

"Kai mai keke! Fito mana, kai muke nema!"

Da irin wannan kira sojoji suka fitar da wansa daga gida bara, har yau ba labari. Ya cusa bakin rawaninsa a baki, kada tari ya tona shi. Sojan ya yi ta kira har muryarsa ta dushe, sannan suka juya.

Sai da ƙarar ta mutu ya rarrafo. Inda motar ta tsaya, yashi ya yi duhu da danshi. Ashe ruwa suka kawo wa ƴan tsere. Ya kifa baki yana tsotsar yashin, amma rana ta riga shi.